Gidajen dutse na Glasgow: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani kafin ya kama haya

Da yawa daga cikin waɗanda karatu ko aikin asibiti ya kawo Glasgow, birni mafi girma a Sikotland, a irin gida ɗaya suke fara zama: bene na dutse mai hawa uku ko huɗu, wanda ya miƙe daga wannan kusurwar titi zuwa waccan ba tare da rata ba. Mutanen garin suna kiransa tenement. Ƙofa ɗaya ce a bakin titi, daga ita sai soro da matakala, kowane hawa kuma yana da ƙofofi biyu ko uku, ta yadda iyalai shida ko takwas za su haɗa rufi ɗaya da tsakar gida ɗaya ta baya. Wanda ya kama haya a irin wannan gini ya shiga tarayya da mutanen da bai zaɓa ba, kuma daɗin zamansa ya dogara ne ga yadda ya riƙe wannan tarayyar fiye da kyawun ɗakinsa.

Akasarin gine-ginen nan an yi su ne daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa 1914, lokacin da masana'antun ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Clyde suke janyo ma'aikata daga ƙauyukan Sikotland da ƙasar Ayalan. A 1801 mutanen birnin ba su kai dubu ɗari ba, amma kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun haura miliyan ɗaya. Launin dutsen yana nuna shekarun gini: mai ruwan ƙasa-ƙasa daga mahaƙar kusa da gari aka fasa shi, irin su Giffnock, kuma yawanci shi ya fi tsufa, ja kuwa jirgin ƙasa ne ya riƙa kawo shi daga kudancin ƙasar tun wajen 1890. Attajiri da lebura duk a irin wannan gini suka zauna, sai dai na attajiri a unguwar Hyndland yana da ɗakuna da yawa da soro mai adon tayil, na lebura a unguwar Gorbals kuwa sau da yawa ɗaki ɗaya ne tal ga iyali gaba ɗaya, bandakin ma na haɗaka ne a kan matakala.

Daga wannan cunkoson ne halin mutanen garin ya fito. A 1915, da masu gidaje suka ƙara kuɗin haya alhali maza suna fagen yaƙi, matan unguwar Govan ƙarƙashin jagorancin Mary Barbour suka ƙi biya, suka riƙa tare ƙofar soro idan an turo masu fitar da mutane, har majalisar Birtaniya ta yi dokar hana ƙarin haya kafin shekarar ta ƙare. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta rushe unguwanni da dama, ta kwashe jama'a zuwa sabbin unguwannin gefen birni, Easterhouse da Drumchapel da Castlemilk, da dogayen benaye irin na Red Road; su ma benayen Red Road ɗin an gama rushe su a 2015. Guguwar Janairun 1968 ta yaye rufin dubban gidaje, kuma bayanta ne tunani ya fara komawa ga gyara maimakon rusau. Ƙungiyoyin gidaje na unguwa, waɗanda har yau suke ba da haya mai rangwame, a wancan zamanin suka fara kafuwa. Jerin masu jiran gidajensu yana da tsawo, kuma cancanta ta danganta da irin takardar zaman mutum, don haka sabon zuwa ya fi dacewa ya sa rai ga hayar masu zaman kansu tukuna.

A ranar duba gida, tsawon rufi da faɗin tagogi za su burge ka, to amma su ne za su ci maka kuɗi a lokacin sanyi, domin ɗaki mai tsawo ba ya ɗumi da wuri. Ka duba ko gilashin taga biyu ne, ka tambayi shekarun tukunyar ɗumama ruwa, ka leƙa bayan kabad da kusurwoyin rufi ko akwai baƙin tabon laima. Hawa na ƙarshe shi ke fara shan yoyo, na ƙasa kuma ya fi sanyi da hayaniyar titi. A ganina na tsakiya ya fi su duka, tunda ɗumin maƙwabta yana zuwa masa ta sama da ta ƙasa. Babu na'urar hawa a waɗannan benaye, abin da mai ƙananan yara ko mai sa ran baƙuncin iyaye ya kamata ya auna. Lambar da za ka gani a adireshi, kamar 2/1, tana nufin hawa na biyu bayan na ƙasa, ƙofa ta ɗaya. Laima kuwa sau da yawa daga cikin ɗaki take tasowa: girki mai tururi da shanya a ɗaki tare da rufe tagogi ruf suna haifar da ita, saboda haka a riƙa buɗe taga na ɗan lokaci kullum ko da ana sanyi.

Dokar haya a Sikotland ta bambanta da ta Ingila, kuma tana da sauƙi ga ɗan haya. Tun 1 ga Disamba 2017 yarjejeniyar hayar gidajen masu zaman kansu ba ta da ranar ƙarewa, kuma ɗan haya yana iya tashi bayan ya ba da sanarwar kwana 28 a rubuce. Kuɗin ajiya ba zai wuce hayar wata biyu ba, wajibi ne kuma mai gida ya saka shi a ɗaya daga cikin ma'ajiyoyi uku da gwamnati ta amince da su cikin kwanakin aiki 30. Kuɗin dillali da muka saba biya a gida doka ta hana shi a nan, kuma kowane mai gida dole ya yi rajista da hukumar birni, ana iya duba lambarsa a intanet. Kada ka tura ko sisi ga wanda bai nuna maka gidan ba. Harajin ƙaramar hukuma yana zuwa tare da kuɗin ruwa, amma gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci ba ya biya, muddin sun nemi a cire su.

Gyaran rufi da matakala nauyin masu gidajen ne gaba ɗayansu, yawanci ta hannun wakilin da ake kira factor, don haka idan ka ga yoyo mai gidanka za ka sanar. Abin da ya rage naka shi ne zaman yau da kullum. A wasu gine-ginen sharar matakala karɓa-karɓa ce, kuma wanda ya tsallake nasa makon kowa ya sani, ko da ba a faɗa masa ba. Kada a ajiye keke ko keken jariri a soro, domin ita ce hanyar fita tilo idan gobara ta tashi. Daɓen katako ne, tafiya da gudun yara suna sauka kan na ƙasa, musamman da asuba ko lokacin sahur. Shimfiɗa darduma mai kauri tana kashe rabin rigimar. Idan za a yi suna ko taron Sallah, sanar da maƙwabta tun da wuri ya wadatar, aika musu da abinci kuma ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Mutanen Glasgow suna da saurin magana da baƙo, ko da yake karin harshensu yana ɗaukar lokaci kafin kunne ya saba. A ranar ƙaramar Sallah ta 2021, ɗaruruwan mazauna Pollokshields sun kewaye motar jami'an shige da fice a titin Kenmure na tsawon sa'o'i har aka saki maƙwabtansu biyu da aka kama. Wannan unguwar da Govanhill, a kudancin kogi, su ne suka fi yawan masallatai da mahauta masu naman halal, babban masallacin birnin da aka buɗe a 1984 kuma yana Gorbals, tafiyar ƙafa daga tsakiyar gari. Ɗalibin Jami'ar Glasgow zai so zama a yammacin birni don kusanci, sai dai hayar can ta fi tsada, kuma jirgin ƙasa daga Pollokshields zuwa babbar tasha bai wuce 'yan mintoci ba.