Tamostat ɗaya ya isa ga tukunyar itace da injin gas

'Yan uwa mazauna Kanada da arewacin Amurka, masu ɗumama gida da tukunyar ruwa ta itace kuma suna da injin gas mai hura iska mai ɗumi na ko-ta-kwana: ba sai kun kafa tamostat biyu ba, wato makunnin da ke auna zafin ɗaki ya kunna ɗumi.

Ku nemi akwastat, wato makunnin da ke jin zafin ruwa, mai hanya biyu. A ɗaure shi jikin bututun da ke shigo da ruwan zafi daga tukunyar zuwa hanyar iskar injin, a saita shi wajen digiri 60 na Salshiyas. Wayar W, mai kai saƙon neman ɗumi, da ta fito daga tamostat ta fara biyawa ta cikinsa. In ruwa na da zafi, sai ya tura saƙon zuwa G, wato wayar fankar injin, fanka kaɗai ta tashi ta hura ɗumin itacen cikin ɗakuna. In wuta ta mutu cikin dare ruwa ya huce, saƙon ya koma W na injin, gas ya karɓa ba tare da kowa ya farka ba.

Amma don Allah a kula: a wasu tamostat, wutar G kan zarce zuwa Y, wato wayar sanyaya, ta tayar da na'urar sanyaya ɗaki ana tsakiyar hunturu. A sa rile tsakani, wato makunnin da ke raba layukan wutar biyu. Kuma a kashe wutar injin kafin a taɓa waya, ko da bolt 24 ce, don kada taransfoma ta ƙone.