Yadda ake cire tsatsa daga jikin bindigar farauta ba tare da an kankare baƙinta ba

Duk ƙarshen damina sai wani ya kawo mini bindiga da farin tabo a bututu, ya ce tsatsa ce ta ci. Mafi yawan lokaci hannunsa ne ya yi ɓarnar garin kankare tsatsar. Laimar watan takwas a Yamai, da gumin hannu, da barin bindiga cikin kuben fata, su ke kawo jan ɗigon tsatsa. Wannan ƙaramar tsatsa ce, a sama take.

Ka buɗe bindigar ka fidda kartushi, ka leƙa da idonka. Sannan ka raba ƙarfen da ƙota, don mai yana lalata itace.

Baƙin da ke jikin bututun wata irin tsatsa ce baƙa da maƙera suka ɗora da gangan don ta kare ƙarfen, kuma siririya ce ƙwarai. Duk abin da ke cin jar tsatsa yana iya cinta. Saboda haka ban yarda da lemun tsami ba, ban yarda da ruwan batir ba, balle takardar yashi. Soson wanke tukunya shi ya ɓata mini bindigar da na gada wurin kawuna, tabon yana nan har yau.

Ka zuba man bindiga a kan tsatsar, in babu, man keken ɗinki ya isa. Kada ka sa man gyaɗa, yana daskarewa ya yi danƙo. Ka bar ta ta kwana a haka. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Da safe ka fara da tsumman auduga kawai, sau da yawa shi kaɗai ke ɗauke rabin aikin.

Abin da ya rage sai soson ƙarfe mai lamba 0000, mafi laushi. Ka tambaya wurin masu kayan ƙarfe a kasuwar Katako ta Yamai, ka duba sifirin nan huɗu da kanka kafin ka biya. Ka jiƙa shi da mai, ka shafa a hankali bisa tsawon bututun, kamar mai share ƙura daga madubi. Bayan shafa uku ko huɗu ka tsaya, ka goge jan man da tsumma mai tsabta, ka ƙara sabo. Tsatsar da ta saki tana da kaushi, in ka ci gaba da murza ta ita za ta karce baƙin. Da ka ga wurin ya fara haske, ka ɗaga hannu.

Ɗigon da ya ƙi fita, ka buge guntun jan ƙarfe na wayar lantarki ya yi faɗi, ka kankare da shi. Ya fi ƙarfen bindiga laushi, jan zanen da ya bari kuma mai zai wanke shi. In tsatsar ta yi rami, ko tana cikin bututu, kai ta wurin mai gyara kafin ka sake harbi.

Ka share, ka bar mai kaɗan, don ƙurar hunturu tana manne wa mai yawa. Ka ajiye ta wajen kube, a kulle, nesa da yara.