Gwajin ayodayid: kada ku manta da asid ɗin farko

Masu shirin firaktikal na WAEC da NECO, ku lura. Ku zuba kamar 2 cm³ na samfurin a bututun gwaji, ku ɗiga masa asid ɗin naitirik (HNO₃) da aka sirka da ruwa, sannan ɗigo uku na ruwan silba naitiret (AgNO₃). In akwai ayodayid, silba ayodayid (AgI) zai fito kamar gari mai launin rawaya-rawaya.

Asid ɗin nan shi ke kawar da kabonet, wanda in ya rage shi ma zai haɗu da AgNO₃ ya ba ku gari ya ruɗe ku. Kada ku kuskura ku sa asid ɗin haidirokilorik (HCl) a madadinsa, domin kilorayid ɗinsa zai fito da farin garin silba kilorayid (AgCl), aiki ya lalace.

In buromayid ne a samfurin, garin silba buromayid (AgBr) ne zai fito, kuma launinsa da na AgI suna kama har su yaudari ido. Ku zuba amoniya mai ƙarfi: AgBr zai narke, AgI ko gezau.