Kafin ku bar Zariya zuwa Chaina, ku gyara zancen hotunanku

Duk shekara da zarar Agusta ya kama sai in fara samun kira daga ƙannenmu na Samaru da Kongo da suka samu gurbin karatu a Chaina, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, Yaya wane irin kayan sanyi zan saya, Yaya akwai abincin halal, nawa zan riƙe a hannu. Har yau ba wanda ya taɓa tambaya ta inda zai ajiye hotunansa, alhali ni wannan ne abin da ya fara sa ni hawaye a can.

Ana gobe zan tafi wayata ta cika, sai na danna wajen nan da ke goge hotuna daga kan waya ya bar su a intanet kawai, na ce ai suna nan duk inda na je zan buɗe. Kwana biyu da sauka aka nemi in tura kwafin takardar gwajin asibiti, na buɗe manhajar Google Photos inda hotunan suke, sai juyawa kawai take yi. Takarda dai da sauƙi, akwai ta asali a jaka. Abin da ya taɓa ni shi ne da dare, ina ɗaki ni kaɗai ga kewar gida, na so in ga hoton Baba, Allah ya jiƙansa, wanda muka ɗauka a Ƙofar Fada ranar hawan sallarsa ta ƙarshe, yana cikin farar babbar riga ya dafa kafaɗar autanmu. Ga hoton nan ɗan ƙarami dishi-dishi ina ganin farin rigar, in na taɓa ba ya buɗewa. Sai da na yi sati uku a haka. Laifina ne, ban tambayi kowa ba kafin in tashi, shi ya sa nake gaya muku tun kuna gida.

Ku fara sanin abin da za ku tarar. Facebook da YouTube da Twitter tun 2009 aka rufe su a Chaina. Kayan Google gaba ɗaya, wato Gmail da Drive da Google Photos har da Play Store, tun 2014 ba sa aiki, Instagram ma a shekarar aka rufe shi, WhatsApp kuma 2017. Dropbox da Flickr duk suna cikin rufaffun. Wanda ya tuna lokacin da aka dakatar da Twitter a nan Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya ɗan ɗanɗana, sai dai namu abu ɗaya ne aka rufe na wata bakwai, nasu kuwa kusan duk abin da wayarka ta saba da shi ne. Hong Kong da Makau ba su cikin wannan tsarin, shi ya sa ɗan kasuwa zai yada zango a Hong Kong komai na aiki, yana shiga Guangzhou waya ta yi tsit.

To yanzu ina za a ajiye hoto? Ni dai abin da na koya shi ne tambayar ba ɗaya ba ce. Wurin da zai buɗe maka a can daban, wanda zai buɗe wa Hajiya a Tudun Wada daban, kuma yawancin matsalar mutane daga nan take, sai ka samu wuri mai sauri a can ka ɗora hotuna ɗari ka turo linki gida, ƙaninka ya buɗe ya ga rubutun Sinanci zalla ana neman lambar wayar Chaina. Baidu Netdisk ke nan, ma'ajiyar intanet ta Chaina. Wuri ne mai girma, duk 'yan ajinku da malamai da shi za su riƙa turo muku littattafai da bidiyon darasi, don haka dole za ku buɗe shi in kun yi layin can, amma na aikin makaranta ne, kuma in ba biya kake ba saukar da kaya daga cikinsa a hankali yake tafiya. Kada ka mai da shi rumbun hotunan gidanku. Ranar da ka gama karatu ka dawo, layin Chaina ya mutu, shiga akawun ɗin ma ya zama aiki.

Masu iPhone ku kun ɗan fi samun sauƙi. iCloud, ma'ajiyar intanet ta Apple, ba a rufe yake ba. Amma ku kiyaye abu ɗaya, kada ku canja ƙasar Apple ID ɗinku daga Najeriya zuwa Chaina don kawai wani ya ce za ku fi samun manhajoji. Tun Fabrairun 2018 duk akawun ɗin da ke kan Chaina wani kamfanin can ne mai suna GCBD a lardin Guizhou ke riƙe bayanansa, ƙarƙashin dokar can. In kana buƙatar manhajar da sai a shagon Chaina ake samu, buɗe wani akawun daban don ita. Kyautar iCloud 5GB ce kawai, bidiyon biki ɗaya ya isa ya cinye ta, amma akwai kundin hotuna na tarayya da za ka iya buɗewa ka saka 'yan gida, ba ya cin wannan 5GB ɗin, sai dai yana ɗan rage girman hoton. OneDrive na Microsoft kuma kada ku dogara da shi, wani lokaci manhajar ta yi, shafin ya ƙi.

Mu masu Tecno da Infinix, waɗanda ma kamfanin da ke yin su a Shenzhen yake, mu ne abin ya fi shafa, don komai namu a Google yake. Abin da za ka yi tun kana Zariya, shiga Google Takeout ka nemi a tattaro maka duk hotunanka, za su zo a dunƙule, ka sauke su a kwamfuta. Yana cin data sosai, ka nemi inda netwok ke da ƙarfi ko ka yi da datar dare, kuma kada ka bari sai ana gobe tafiya don wani sa'in sai an yi awoyi ko fiye da kwana kafin su gama haɗawa. Daga nan ka sayi filash biyu masu kyau, ba irin na bakin titi da ake rubuta 128GB a jiki ciki ko 8 bai kai ba, ka gwada shi a gaban mai shago ka zuba kaya masu yawa ka sake buɗe su. Ɗaya ka tafi da shi, ɗaya ka bar wa wanda ka yarda da shi a gida. Wallahi wannan filash ɗin ya fi duk wata manhaja da zan ambata muku amfani, ba ruwansa da netwok ba ruwansa da wanda ya rufe me.

Takardu kuma ka ware su daban a folda ɗaya kan wayar kanta: shafin fasfo, biza, takardar shiga makaranta, fom ɗin neman bizar ɗalibi na JW201 ko JW202, gwajin asibiti, hoton fasfo mai farin baya. Cikin awa 24 da sauka ake son a yi rajistar inda kake zaune, mai bizar X1 ta dogon karatu kuma yana da kwana 30 ya nemi izinin zama, a wannan tsakanin kusan kullum sai an nemi ɗaya daga cikinsu.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Ko ka samu hanyar shiga Google daga can, zai ga ka shigo daga baƙon wuri ya ce ya tura lamba zuwa layinka na Najeriya. In ba ka buɗe wa layin damar aiki a waje ba, ka tsaya ke nan. Ka je ofishin kamfanin layinka a buɗe maka kafin tafiya, sannan ka shiga saitin tsaro na Google ka fitar da lambobin ko-ta-kwana, guda goma ne, ka rubuta a takarda ka sa cikin fasfo. Ka riƙa sa wa layin kati lokaci-lokaci kuma, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba ana rufe shi a sayar wa wani. Datar layin gida in kana yawo da ita a can tana buɗe rufaffun shafuka, tunda ta gida take bi, amma tsadarta ba ta barin a ɗora hoto da ita, ta gaggawa ce.

Zancen VPN, manhajar da ake zagayawa da ita a buɗe rufaffun shafuka, na san shi kuke jira. Gaskiya baƙi da yawa suna amfani da shi, kuma gaskiya ne dokar can ba ta yarda da wanda ba shi da lasisi ba, tun 2017 Apple ya cire su daga shagonsa na Chaina. Ni ba zan ce ka yi ko kada ka yi ba, kai baƙo ne da biza a ƙasar mutane, ka tambayi ofishin ɗaliban waje ko makarantarku na da halastacciyar hanya ta masu bincike. Abin da zan ce kawai, yau ya yi gobe ya ƙi, musamman lokacin manyan tarukan gwamnati, don haka kada hotunanka su zama sai da shi za ka gan su. Masu zuwa Rasha ku ma ku sani an rufe Facebook da Instagram tun Maris 2022, na Iran kuma ga rufewar gwamnati ga takunkumin Amurka da ke hana wasu manhajojin aiki, shirin filash ɗin nan duk ya shafe ku.

Na turo wa gida hoto yau da gobe kuwa, WeChat, manhajar hira ta Chaina, ne mafita, yana aiki a can yana aiki a nan, kuma da lambar Najeriya ana buɗe shi. Sau da yawa sabon akawun sai wani mai tsohon akawun ya tabbatar da kai, don haka ku nemi wanda ya taɓa zuwa ya taimaka tun kuna tare. In za ka tura hoto ka danna wajen da ke cewa a tura na asali, in ba haka ba zai matse shi, kuma ka gaya wa 'yan gida su sauke da wuri don in ya daɗe ba a buɗe ba yana ɓacewa. Sannan ba wurin sirri ba ne, ana iya duba abin da ke wucewa ta ciki, hoton iyalinka da na 'yan'uwa mata a wajen biki ka yi tunani kafin ka tura, haka ma duk linkin da kowa zai iya buɗewa.

Ka zauna da Hajiya kafin ka tafi, ka sa mata shi a wayarta ko ta wanda ke kusa da ita, ka tura hoto tana gani, ta buɗe da hannunta sau biyu sau uku har ta gane koren tambarin. Ka gaya mata kuma Chaina na gaban mu da awa bakwai, in ta idar da sallar isha'i ta turo saƙo ba ka amsa ba, barci kake, da asubar gida za ta ga amsa.