Yadda Za Ka Tsara Magana Kafin Ka Nemi Shawo Kan Mutum

Kafin ka buɗe baki domin shawo kan wani, fara tantance abin da kake nema takamaimai. Taimako ne, ko izini, ko so kake ya sauya ra'ayi, ko ya bar wata ɗabi'a mai cutar da shi? Masanin sadarwa na Amurka, James Dillard, ya bayyana a 1990 cewa irin wannan magana tana bin matakai uku, wato buri, sai shiri, sannan aiwatarwa, kuma duk wanda bai san burinsa sarai ba, da wuya shirinsa ya tsaya da ƙafafunsa.

Sai dai ba buri ɗaya kake ɗauke da shi ba. Bayan babban burin akwai ƙanana da ke yi masa linzami, kamar kare mutuncinka, kiyaye zumunci, gudun kunyata abokin magana, da danne fushi. Wanda ke bin amininsa bashi yana son kuɗinsa, amma ba ya son amincin ya lalace, shi ya sa yakan yi ta kewaye-kewaye har a rabu bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Saboda haka ka yanke tun da wuri wanne za ka iya sassautawa idan burikan suka yi karo, domin a tsakiyar zance babu lokacin wannan lissafi.

Bayan haka, dubi yadda kake ɗaukar magana ita kanta. A 1988 masaniyar sadarwa Barbara O'Keefe ta rarrabe masu magana gida uku: mai amayar da duk abin da ke ransa, mai bin ƙa'ida da tunatar da haƙƙi, da mai sake fasalin lamarin yadda buƙatar ɓangarorin biyu za ta haɗu. A ganina na ukun ya fi cancanta a koya, ko da yake shi ya fi wahala. Maimakon ka ce "ka saɓa alkawari", tambaye shi abin da ya hana, ku tsayar da rana tare.

Ka kuma bar masa zaɓi na gaskiya, domin tun 1966 masanin halayyar ɗan Adam Jack Brehm ya nuna cewa mutum kan bijire idan ya ji ana tauye masa 'yanci.

Idan aka ƙi, yawancinmu mukan maimaita maganar da ƙarfin murya, saboda hakan ya fi sauƙi a kan sake tunani. Ka je da shiri na biyu a zuciyarka, wata hujja dabam ko buƙata mafi sauƙi, sannan ka saurari dalilin ƙin da kyau kafin ka fito da shi.