Yadda ake jinyar mai shan prednisolone a gida

Masu jinya a Katsina sun yi ta tambayata abin yi bayan an sallamo majinyaci da wannan magani ko dexamethasone, duka magungunan rage kumburi ne da ake kira steroid. Ga shi:

1. Ki duba katin asibiti ki tabbatar da yawan ƙwayoyin ranar.
2. Ki ba shi kalaci tukuna, ko koko da ƙosai ne.
3. Ki ba shi maganin da safe, ki tsaya ya haɗiye.

Hattara: in ya wuce mako 3 yana sha, kada a yanke masa kwatsam don ya ji sauƙi ko kuɗi sun ƙare. In an yanke kwatsam, jiki zai saki, jini ya sauka. Likita ne ke rage shi sannu a hankali.

4. Ki rage gishiri da dunƙule a miyarsa.
5. Ki sa a riƙa auna hawan jini da suga. Maganin na ɗaga su.
6. Kada ki haɗa masa da ibuprofen ko diclofenac na kemis, suna cin ciki.
7. Ki nisanta shi da yaro mai ƙyanda ko ƙarambau.
8. Zazzaɓi, baƙin bayan gida ko ƙishirwa mai tsanani, ki mayar da shi asibiti a ranar.