Yadda yaron shago zai daina jiran sai an ce masa yi

Idan ka zauna a Kasuwar Singer ko Kantin Kwari da safe, za ka ga yaran shago iri biyu. Akwai wanda zai buɗe ƙofa, ya yi shara, ya zauna yana danna waya har maigida ya iso. Akwai kuma wanda kafin Alhaji ya sauko daga mota ya riga ya san katan nawa na taliya ya rage a sito, da wanda ya ɗauki kaya jiya bai biya ba. Na biyun ake bar wa makulli, shi kuma ake sallama da jari idan lokaci ya yi. Wannan hali koyonsa ake yi, ga kuma yadda na ga yana samuwa.

Mataki na farko, ka yi sati biyu kana kallo kana rubutawa. Ka sayi ƙaramin littafi ka sa a aljihu. Duk lokacin da mai saye ya tambayi wani abu aka ce masa babu, rubuta. Rubuta ranar da mota ke sauke kaya, da kayan da ke tashi da wuri, da wanda ya yi kwantai a lungu ƙura ta rufe shi. Kada ka ba da shawara tukuna. Wanda bai san dalilin da ya sa ake yin abu ba, idan ya ce zai gyara ɓatawa zai yi.

Na biyu, ka fara da aikin da ba ya cin ko sisi, wanda kuma za a iya mayar da shi yadda yake idan maigida bai so ba. Ka jawo tsohuwar madara da tumatirin gwangwani gaba, sabo ya koma baya, don kada wa'adinsu ya ƙare a hannunku. Ka shimfiɗa katako a ƙarƙashin buhunan sukari da fulawa tun kafin damina ta sauka, domin danshi ba ya sallama. Ka sa na'urar POS a caji kafin a tashi. Idan an ce an turo kuɗi, kada ka saki kaya don an nuna maka alat a waya, sai kun ga kuɗin sun zauna a asusu. Irin waɗannan ba sa bukatar izini, kuma ido yana ganinsu ko ba ka faɗa ba.

Na uku, ka daina kai matsala tsirara. Dubi bambancin maganganun nan biyu. "Alhaji, sukari ya kusa ƙarewa." Da kuma: "Alhaji, saura buhu 12 na sukari, kullum muna fitar da 4, ga azumi saura kwana 10. Na tambayi dila biyu, ɗaya ya fi sauƙi amma sai jibi zai sauke. Wanne zan kira?" Na farko ya ƙara wa maigida nauyi ne, na biyu ya sauke masa rabi. Ka kuma zaɓi lokaci: ba a gaban masu saye ba, ba kuma lokacin da yake ƙirga kuɗi ba. Bayan la'asar, idan kasuwa ta lafa, ya fi.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi kayar da masu himma, don haka zan daɗe a kansa. Tsakanin himma da shisshigi zare ne siriri, kuma wurare uku ne yake tsinkewa: fitar da kuɗi, ba da bashi, da sauya farashi. Waɗannan hurumin mai dukiya ne har sai ya buɗe baki ya ba ka.

Ni a kan bashi na koya. Maigidana ya tafi ta'aziyya garinsu, wani tsohon kwastoma da nake ganin mutuncinsa ya zo, na loda masa katan-katan na man girki a kan zai biya ƙarshen wata. Wannan ya zo daidai da cire tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin mota ya tashi, farashin sari ya bi shi. Mutumin bai ci amana ba, ya biya, amma bayan wata uku, kuma kuɗin da ya kawo ba su iya sayo adadin katan ɗin da ya ɗauka ba. Niyyata mai kyau ce, sai dai da jarin wani na yi alherin.

Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in tambayi iyaka ƙarara. Ka zauna da maigidanka ka ce: "Ranka ya daɗe, idan ba ka nan, har nawa zan iya ragewa a katan? Su wa zan iya ba bashi, kuma har na nawa? Kuɗin 'yan dako da ɗan gyare-gyare, zan iya cirewa in rubuta?" Rubuta amsarsa a gabansa. Da farko iyakar za ta yi maka kaɗan. Ka yi aiki a cikinta wata biyu ba tare da ka tsallake ba, sannan ka nemi ƙari.

Abokan aikinka kuma, kada ka taka su don a gan ka. Idan shawarar wani ce, ka ambaci sunansa.

Na biyar, ka riƙa ba da rahoto tun ba a tambaye ka ba. Kullum kafin a rufe, ka tura wa maigida saƙo gajere ta WhatsApp: cinikin yau na hannu da na banki, kayan da suka shigo, wanda ya biya bashi, da abin da zai ƙare cikin satin nan. Idan ka yi kuskure, a ce ka ba da canji ya wuce ko katan ya fashe a hannunka, ka sa shi a layin farko na saƙon, da adadinsa, da yadda kake ganin za a gyara. Kada ka bari ya ji daga bakin maƙwabcin shago gobe da safe.